Zaɓin Wa? Yadda Tashoshin Tsohon Rok na Amurka Suka Tsayar da Waƙoƙin da Ake Cewa Jama'a Sun Fi So

Tsakure

Kusan kowane babban birni a Amurka yana da gidan rediyon da ba ya sa komai sai waƙoƙin rok na shekarun baya, tsarin da can ake kira classic rock. Waɗannan tashoshi suna tallata kansu da cewa abin da mai sauraro ke so shi suke ba shi. Wannan takarda ta bi sawun jerin waƙoƙin nasu tun daga 1967. Abin da ta tsaya a kai shi ne, jerin bai yi daidai da abin da ya yi tashe a wancan zamani ba, kuma ma'aunin da aka gina shi a kai shi ne waƙar da ba za ta sa mutum ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha ba.

Gabatarwa

A watan Janairun 1991, ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, tashar KLSK mai watsa shirye-shirye ga birnin Albuquerque na jihar New Mexico ta ɗora waƙa guda ta yi ta maimaita ta har awa 24. Waƙar ita ce "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin. Hankalin wasu masu sauraro ya tashi, har 'yan sanda suka je tashar su ga ko lafiya. Ashe lafiya lau. Masu tashar ne ke shelar cewa daga ranar sun koma sa tsohon rok zalla, kuma ba su ga hanyar da ta fi wannan saurin isar da saƙo ba.

Ba su buƙaci wani dogon bayani ba, waƙar kaɗai ta wadatar. To ga abin tambaya: waƙa ce mai minti takwas, wadda da ta fito a Nuwamban 1971 ba a sayar da ita ita kaɗai a ƙaramin faifai ba, saboda haka ba ta ko leƙa jadawalin Billboard na waƙoƙi 100 masu tashe ba. Yaya aka yi cikin shekara 20 ta zama tutar wani nau'in rediyo sukutum, kuma ta zama waƙar da masu sauraro ke ɗorawa a kan gaba duk lokacin da aka ce su zaɓa? Amsar tana cikin tarihin tashoshin kansu.

Lokacin da FM ke kango

Kafin 1967, rediyon matasa a Amurka na zangon AM ne, tsarinsa kuwa shi ne Top 40, wanda Todd Storz ya assasa a tashar KOWH ta Omaha a farkon shekarun 1950. Dabararsa guda ce: mutum ba ya gajiya da jin waƙar da yake yayi, don haka a ɗebo 'yan waƙoƙin da ke kan gaba a yi ta juya su. Bill Drake ya ƙara ɗaure tsarin a KHJ ta Los Angeles a 1965, ya rage jerin zuwa 30, ya kuma taƙaita surutun masu gabatarwa. Waƙar da ta haura minti uku sai ta taki sa'a kafin a sa ta.

Shi kuwa zangon FM kango ne. Masu tashoshi suna riƙe da lasisinsa, amma abin da AM ke watsawa shi suke zubawa a ciki. Hukumar sadarwa ta FCC ta kafa doka a 1964, wadda ta kankama a Janairun 1967, cewa a biranen da ke da mutum sama da 100,000 ba a yarda tashar FM ta kwafi fiye da rabin shirin 'yar'uwarta ta AM ba. Dole aka nemi abin cike lokaci mai araha. Sai aka miƙa wa samari masu son kiɗa makirufo, tunda ba wanda ya zaci akwai kuɗi a wurin.

Tom Donahue ya kama aiki a KMPX ta San Francisco a 1967, kuma a Nuwamban shekarar ya yi rubutu a mujallar Rolling Stone yana kwatanta rediyon Top 40 da gawar da ta ruɓe tana cika iska da wari. WNEW-FM ta New York da KSHE ta St. Louis sun shiga sahu a shekarar, WBCN ta Boston da WMMS ta Cleveland suka biyo a 1968. A waɗannan tashoshi mai gabatarwa shi ke da wuƙa da nama. Yana iya sa fuska guda ta dogon faifai ba tare da ya ce uffan ba, ya bi ta da kiɗan jaz, ya dawo kan Muddy Waters, ya rufe da molon Ravi Shankar na Indiya. Nan ne dogayen waƙoƙi suka sami gida.

Wani misali ya isa ya nuna irin ƙarfin da mutum ɗaya ke da shi a lokacin. A 1974 Donna Halper, mai kula da sashen waƙoƙi a WMMS, ta ci karo da faifan wasu 'yan Kanada da ba wanda ya san su a Amurka. Ta sa waƙarsu "Working Man", tana ganin za ta shiga ran ma'aikatan masana'antun Cleveland. Waya ta ɗau ƙara, wasu ma suna tambayar yaushe sabon faifan Led Zeppelin ya fito. Makaɗan su ne Rush, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin Mercury ya ɗauke su.

Mashawarta sun shigo

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masu sauraron FM sun zarce na AM, kuma inda jama'a suka taru nan masu talla ke sauka. Sai 'yancin mai gabatarwa ya zama abin tsoro ga mai tasha. Lee Abrams, matashi ne ƙwarai a lokacin, ya fito da tsarin da ya kira SuperStars, ya gwada shi a WQDR ta Raleigh a farkon shekarun 1970, daga baya shi da Kent Burkhart suka sayar da shi ga gomman tashoshi. Abrams ya ɗauko ladabin Top 40 ya ɗora wa kiɗan FM. Maimakon a dogara ga waƙa mai tashe, sai a dogara ga sanannen mawaƙi: a ɗauki waƙa biyu ko uku daga kowane kundi na Led Zeppelin, Eagles, Pink Floyd, Fleetwood Mac, a juya su bisa agogo. Wanda ake farauta shi ne saurayi farar fata mai shekara 18 zuwa 34.

A nan ne aka yi tankaɗe na farko, kuma a ganin mai wannan takarda shi ne mafi girma. Duk abin da tashoshin tsohon rok ke sawa yau, kusan dukkansa ya bi ta wannan rariya ta 1973 zuwa 1982. Abin da bai ratsa ba a lokacin, da wuya ya sake samun ƙofa.

Tsarin tsohon rok kansa ya zo ne daga ɓaraka. Tashar talabijin ta MTV ta buɗe ranar 1 ga Agustan 1981, sabbin salo suka kwararo, masu sauraron tashoshin rok suka rabu biyu: ƙannen suna son sabo, yayyen da suka haura shekara 30 suna son a bar musu abin da suka tashi da shi. Fred Jacobs, wanda ya yi aikin bincike da tsara shirye-shirye a WRIF ta Detroit, ya lura da haka, ya ce to a ba yayyen tasharsu. An gwada a zangon AM a Dallas da Houston a 1983. A 1985 Jacobs ya kafa tsarin a WMMQ ta yankin Lansing a Michigan, WZLX ta Boston ma ta shiga a shekarar, a 1986 kuma WCXR ta Washington da KLSX ta Los Angeles suka bi. Sa'a ta haɗu da dabara, domin faifan CD ya shigo kasuwar Amurka a 1983, mutane suka shiga sake sayen abin da suke da shi a garmaho. Kundayen Beatles sun fito a CD a 1987. Da yawa sun ce abin yayi ne, shekara biyu ko uku mutane za su ƙoshi. Shekara 40 ke nan ba su ƙoshi ba.

Zauren gwaji

Duk wanda yake son gane jerin waƙoƙin nan, sai ya san abin da ake yi a zauren gwaji. Sau ɗaya ko biyu a shekara, tasha kan ɗauki kamfanin bincike ya tara mata mutum kamar 100 a zauren otal, waɗanda aka tantance shekarunsu da tashar da suke ji, a ba su ɗan abin hannu na ladan zuwa. Sai a riƙa sa musu guntayen waƙoƙi, kowace sakan bakwai zuwa goma, a daidai amshi ko inda jita ta fi fitowa. Guntaye 500 zuwa 700 a zama ɗaya ko biyu. Kowace aka sa, mutum zai nuna ko ya san ta, ko yana son ta, ko kuwa ta ishe shi. Yanzu galibi ta intanet ake yi, amma tambayoyin ba su sauya ba.

Daga makin da aka tara ake raba waƙoƙi aji-aji. Na ajin farko su zagayo kusan kullum, na biye da su bayan 'yan kwanaki, waɗanda aka gaji da su a jingine su na wasu watanni. Manhajar kwamfuta ce ke jera su, kuma wadda ta fi shahara ita ce Selector, da kamfanin RCS ya fitar a 1979. Ita ke kula kada mawaƙi ɗaya ya fito sau biyu kusa da kusa, kada waƙoƙi masu sanyi su jeru, kada wanda ke hanyar ofis da ƙarfe bakwai ya ji abin da ya ji jiya da ƙarfe bakwai. Mai gabatarwa yana zuwa ya tarar da jerinsa a allo.

Akwai abubuwa a cikin wannan hanya da ba a cika faɗa ba. Sakan takwas ba ya auna kyan waƙa, saurin gane ta yake aunawa. Waƙar da ke buɗewa da kiɗan jita da kowa ya haddace, irin "Smoke on the Water" ko "Back in Black", ta ci jarrabawa tun kafin a gama sa ta. Wadda ke gina kanta sannu a hankali, wadda kuma rediyo bai riga ya cusa ta a kunne ba, za ta sha alamar "ban san ta ba", kuma a wannan zaure rashin sani daidai yake da faɗuwa. Sannan su wa suka zaɓo 600 ɗin da za a gwada? Daga jerin bara aka ɗebo su, da jerin tashoshin wasu birane masu irin tsarin. Ke nan ana tambayar mutane ra'ayinsu kan abin da aka riga aka saba musu da shi, su kuma su tabbatar da shi, a sake sa musu, baɗi a sake tambaya. Masanin halayyar ɗan'adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana ƙara son sa. Rediyo ta riga shi sani.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne. Shekaru masu yawa ƙa'idar kamfanin Arbitron, mai auna yawan masu sauraro, ita ce sai mutum ya yi minti biyar cikin kowane kwata na awa kafin a ƙirga wa tasha shi. Daga 2007 kamfanin ya fara raba wata 'yar na'ura a Philadelphia da Houston, wadda ake ratayawa a jiki tana naɗar duk tashar da ke tashi kusa da mutum, minti bayan minti.  Da wannan na'ura mai tsara shirye-shirye yana iya ganin daidai waƙar da aka sa mutane suka watse. Waƙar da rabin jama'a ke mutuwar so, rabi kuma ke ƙi, haɗari ce. Wadda kowa zai ce ba laifi, ita ce zinariya.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2014 ɗan jarida Walt Hickey na shafin FiveThirtyEight ya bi tashoshin tsohon rok 25 a manyan biranen Amurka na mako guda a watan Yuni. Ya ƙirga an sa waƙa sau 37,665, amma waƙoƙin daban-daban 2,230 ne kacal, na mawaƙa 475. Kashi 57 cikin 100 na abin da aka sa ya fito ne tsakanin 1973 da 1982, kuma 1973 ce ta fi kowace shekara. Led Zeppelin ke kan gaba a mawaƙa. A waƙoƙi kuwa, "Dream On" ta Aerosmith ce ta fi zagayowa.

A ɗauki 1973 ɗin a duba. Waƙar da Billboard ta ce ta fi tashe a shekarar ita ce "Tie a Yellow Ribbon Round the Ole Oak Tree" ta Tony Orlando da Dawn, wadda ba tashar tsohon rok da za ta taɓa. Stevie Wonder ya hau lamba ɗaya da "Superstition" a Janairu, Roberta Flack ta hau, Marvin Gaye ya hau a Satumba. Ita kuwa "Dream On" a wannan shekara iyakarta lamba 59, sai da aka sake fitar da ita a 1976 ta kai ta shida. Led Zeppelin ba su taɓa samun waƙa a lamba ɗaya a Amurka ba, mafi nisa ita ce "Whole Lotta Love" a ta huɗu. Adalci dai shi ne a ce waɗannan makaɗa kundi suke sayarwa, kuma sun sayar da miliyoyi. "The Dark Side of the Moon" na Pink Floyd ya yi mako 741 a jadawalin kundaye tsakanin 1973 da 1988. Duk da haka, wanda ya ɗauka jerin tashoshin nan shi ne hoton abin da Amurka ke ji a 1973, an nuna masa kusurwa ɗaya ce ta ɗakin.

Binciken Hickey ya kuma gano cewa gari bai mutu gaba ɗaya ba. New York ta fi sauran wurare sa Billy Joel, Los Angeles ta fi sa Pearl Jam, Boston kuma Allman Brothers. KSHE ta St. Louis har yau tana riƙe da wasu waƙoƙi da ta yi wa suna a shekarun 1970, irin na Mama's Pride da Head East, waɗanda a wasu birane ba a ma san da su ba. Irin waɗannan ragowar zamanin Halper ne, lokacin da kunnen mutum ɗaya ke iya sauya abin da gari guda ke so.

Abin da ya rage irin wannan bambanci shi ne dokar sadarwa da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Fabrairun 1996. Kafin ta, kamfani ba ya mallakar fiye da tasha 40 a faɗin ƙasar. Bayan ta, Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya tara kusan 1,200. An ga tasirin haka bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da wata takarda ta zaga tashoshin kamfanin ɗauke da sunayen waƙoƙi fiye da 150 da aka ce a yi hattara da su. "Stairway to Heaven" na ciki, "Imagine" ta John Lennon ma na ciki. Kamfanin ya ce shawara ce, ba umarni ba.

Ranar ƙuri'a

Sau ɗaya a shekara ake miƙa wa mai sauraro ragama. Tashoshi da yawa kan yi jerin 500 a hutun tunawa da sojoji na ƙarshen Mayu, suna aron lambar daga tseren motocin Indianapolis da ake yi a wannan lokaci. WAXQ ta New York, da ke kan mita 104.3, tana jera 1,043 a hutun godiya na Nuwamba, kuma shekara da shekaru "Stairway to Heaven" ce ke rufe taro. Makusantanta ba sa wuce "Free Bird", "Hotel California", "Bohemian Rhapsody", "Born to Run" da "Layla". Mai sauraron Hausa da ya san Zaɓi Sonka zai gane wani abu a nan, cewa wanda ya aiko da zaɓi daga cikin abin da tasha ta saba sawa yake zaɓa. Bambancin shi ne a Zaɓi Sonka gaisuwa ce kan gaba, waƙa na biye, a nan kuwa gasa ce ta wace ta fi kowace.

Akwai tazara tsakanin abin da aka zaɓa da abin da ake sawa kullum. Gwanayen ƙuri'a dogaye ne: "Free Bird" minti tara, "Layla" bakwai, "Hotel California" shida da rabi. A ranar aiki kuwa waƙa mai minti takwas ta cinye gurbin waƙa biyu, shi ya sa irin su "Dream On" mai minti huɗu da rabi suka fi zagayowa. Kuma mai jefa ƙuri'a ba lallai waƙar da ya fi kunnawa a motarsa yake rubutawa ba. Tambayar da yake amsawa ita ce wace waƙa ta cancanci sarauta, amsar kuwa ya ji ta bara, ya ji ta bara waccan.

Ba Amurkawa kaɗai ke da wannan hali ba. A ƙasar Holan, tashar gwamnati ta Radio 2 tana jera waƙoƙi 2,000 da jama'a suka zaɓa, daga Kirsimeti zuwa tsakar daren sabuwar shekara, tun 1999. A can babu mai talla da ya ce a tsaya ga rok, amma "Bohemian Rhapsody" ce ke lashewa kusan kowace shekara. 'Yan lokutan da aka ture ta suna da labari: mawaƙin gida Boudewijn de Groot a 2005, "Hotel California" a 2010 da 2014, "Imagine" a 2015 makonni kaɗan bayan harin Paris, da Danny Vera a 2020, shekarar annoba. Wannan ya nuna ba za a ɗora wa mashawarta komai ba. Waƙoƙin suna da abin da ke riƙe mutum, kuma idan wani abu ya girgiza jama'a, ƙuri'a na iya motsi.

Waɗanda aka bari a waje

Kiɗan rok daga hannun baƙaƙen Amurka ya fito, daga Chuck Berry da Little Richard da makaɗan bulus na Chicago. Willie Dixon, ɗaya daga cikin waɗannan makaɗan bulus, ya kai Led Zeppelin ƙara a 1985 kan "Whole Lotta Love", aka sasanta a wajen kotu, yanzu sunansa na cikin marubutanta. Amma a jerin tashoshin tsohon rok, in aka cire Jimi Hendrix, sai a daɗe ba a ji baƙar fata yana jagorantar waƙa ba. Stevie Wonder ne ya riƙa buɗe wa Rolling Stones fage a rangadinsu na 1972, tashoshin FM na farko kuma suna sa shi ba tare da wani tunani ba. Zuwa Oktoban 1981, da Prince ya hau ya buɗe wa Rolling Stones ɗin a Los Angeles, ihu da jifa ya sha. Tsakanin shekarun biyu akwai daren 12 ga Yulin 1979, lokacin da Steve Dahl na tashar rok ta WLUP ya tara faya-fayan disko a filin wasan Comiskey na Chicago ya tarwatsa su da nakiya, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. A 1985, shekarar da tsarin tsohon rok ya kafu, Vernon Reid da Greg Tate da abokansu suka kafa Black Rock Coalition a New York don ƙalubalantar wannan shinge. Mata ma 'yan ƙalilan ne: Heart, Stevie Nicks, Janis Joplin, Pat Benatar, Joan Jett, sai a fara laluben na gaba.

Ƙofar baya da lissafin shekaru

Tunda zauren gwaji ba ya karɓar baƙo, sauyi daga waje yake shigowa. "Bohemian Rhapsody" ta tsaya a lamba tara a Amurka a 1976, fim ɗin barkwanci na "Wayne's World" ya kai ta ta biyu a 1992. "Don't Stop Believin'" ta Journey, wadda ita ma ta tara ta kai a 1981, ta sake rayuwa da aka rufe shirin talabijin na "The Sopranos" da ita a Yunin 2007. A Satumban 2020 wani ɗan gajeren bidiyo a TikTok ya mayar da "Dreams" ta Fleetwood Mac jadawalin Billboard bayan shekara 43 da fitowarta. Irin wannan daɗewa ce ta sa Sony ta sayi waƙoƙin Bruce Springsteen a 2021 kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 500. A gefe guda kuma, a dokar Amurka tashar AM ko FM marubucin waƙa da mawallafinta take biya, wanda ya rera ba ya samun ko sisi daga sawar.

Masana sun daɗe suna cewa waƙar ƙuruciya ce ke manne wa mutum. Morris Holbrook da Robert Schindler sun sa ƙololuwar a wajen shekara 24 a bincikensu na 1989. Seth Stephens-Davidowitz, da ya duba alƙaluman Spotify a 2018, ya sauko da ita zuwa 14 ga maza, 13 ga mata. Masu talla kuwa 'yan shekara 25 zuwa 54 suke saye. To a yi lissafi. Wanda yake da shekara 18 a 1973 an haife shi a 1955, ya cika 55 a 2010, ya fita daga kasuwa. Amma a 2014 shekarar 1973 ce har yanzu kan gaba a jerin. Ashe ba tuna baya kaɗai ke riƙe da tashoshin ba, akwai masu ji da ba a haife su ba lokacin da waƙoƙin suka fito. Carol Krumhansl da Justin Zupnick sun sami wani ɓangare na amsar a 2013, da suka gano ɗaliban jami'a suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin zamanin samartakar iyayensu, waɗanda suka ji a gida da kujerar baya ta mota.

Duk da haka tagar shekarun tana matsawa. Tsarin da ya gabaci wannan, na tsoffin waƙoƙin shekarun 1950 da 1960, ya nuna abin da ke faruwa idan masu sauraro suka tsufa: WCBS-FM ta New York ta watsar da shi kwatsam a Yunin 2005, da ta dawo a Yulin 2007 kuma ta zubar da yawancin waƙoƙin 1950. Tashoshin tsohon rok suna rage na shekarun 1960 a hankali, suna jawo Guns N' Roses da Metallica da Nirvana da Pearl Jam, makaɗan da wasunsu suka taso suna raina rok ɗin manyan filayen wasa da yanzu ake jera su tare da shi. Kundin "Nevermind" na Nirvana ya fito ranar 24 ga Satumban 1991. Yaron da ya saye shi yana ɗan shekara 16 zai cika 55 a 2030.